Daƙiƙa Talatin, Kaya Biyar

Lusaka, 9 ga Janairu

Zuwa ga taubashiyata Malama Malilwe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Gwaggo? An ce sanyin damina ya sake tayar mata da ita. Mu nan lafiya lau, sai matata Namoonga da mura ta kwantar kwana biyu, ta kuma miƙe.

Ga shi na bi dokarki, na rubuto a takarda, zan ba Siabbalo mai motar kifin kapenta ya kawo miki. A duk ofishinmu ni kaɗai nake aika saƙo ta hannun direban busasshen kifi. Amma tun da kin ce maganar waya iska ce, rubutu shi ake kama mutum da shi, to ga rubutu.

Albishirinki. Makarantarku tana cikin waɗanda kamfaninmu zai kai wa kwamfutocin hannu, guda arba'in, da farantin sola na caji. Darasin da ke ciki ni na jagoranci haɗa shi, shekara biyu ina kai: tarihin ƙaurar ɗan Adam. Yaro zai ɗora yatsa a taswira ya ja, ya ga mutanen farko sun taso daga gabashin Afirka sun bazu cikin duniya. Ya sake ja, ya ga kakanninmu sun gangaro da shanu da ƙarfe har suka iso Zambezi. Abin da kike shafe zango guda kina zanawa a allo, rabin aji na gyangyaɗi, a nan minti arba'in ne. Kada ki ji haushi. Shekara ashirin da shida kina shaƙar garin alli, ya kamata huhunki ya huta.

Babin ƙarshe namu ne, kwashe mutanen kwari da aka yi lokacin gina madatsar ruwa ta Kariba. Ina son murya ta gaske a ciki. Kin tuna washegarin bikin 'yarki Luyando, da Gwaggo ta zauna gindin tsamiya ta ba ni labarin ranar da motoci suka zo, ta rufe da waƙa? Na naɗa a wayata. Duk wanda na kunna wa a ofis sai ya yi tsit. Har sunana ta sa a waƙar, sau uku, abin da ban taɓa jin ta yi wa ko ɗaya a cikinku ba. Ki tambayar mini ita ko ta yarda in sa. Ina son amsa kafin wata ya ƙare, don nan ba a jira.

Ɗan kawunki,
Michelo

*

Siamuluwa, 21 ga Janairu

Zuwa ga Michelo,

Takardarka ta iso, na gode da gaisuwa. Ƙafar Inna da sauƙi, tana takawa har bakin garke. A gaida Namoonga da haƙurin zama da kai. Ruwa ya yi yawa bana, gero ya yi kyau, awaki biyu sun haihu.

Huhuna lafiyarsa ƙalau, kada ya hana ka barci.

Allunan naku na gilashi na riga na gan su. An tara mu a Siavonga watan jiya, aka ba mu lemo da biskit, aka nuna mana yadda ɗan Adam ya tashi daga Habasha ya isa Ostireliya kafin in gama ɓare biskit ɗina. Tafiya ba yunwa, ba ƙaya, ba wanda aka binne a hanya. Kibiya ce kawai mai launin ruwan goro tana ta rarrafe. Na tambayi mai nuna mana, in rana ta ƙi fitowa kwana huɗu, da me za mu yi caji? Ya ce tambaya ce mai kyau. A Lusaka haka kuke cewa in ba ku da amsa, na lura.

Ba na gyangyaɗar da aji, ɗan kawu. A bakina ka fara jin sunan tsohon kufan nan Ingombe Ilede, lokacin da Kawu ya turo ka hutu kana kuka wai sauro ya cije ka, kana neman burodi a gidan da ake cin tuwon nsima. Yanzu kai ne za ka aiko mini da tarihi a kwali. Duniya kenan.

Batun muryar Inna. Na same ta tana tsince gyaɗa, na karanta mata abin da ka rubuta, na fassara mata inda Turancinka ya yi kauri. Ta ajiye gyaɗar. Can ta ce, "Ashe da yaron nan ya ajiye wayarsa kusa da ƙafata, ɗauka yake yi?" Na ce haka ne. Ta ce, "To. Waɗanda suka kwashe mu ba su tambaye mu ba. Shi ma sai ya kwasa."

Ka ji amsarka. Mai ilimi irinka ba sai an ƙara masa bayani ba.

Ka turo allunan, gwamnati ce ta ce a karɓa, ba ni ba. Akwai kabad a ofis da ba a sa komai a ciki.

'Yar gwaggonka,
Malilwe

*

Lusaka, 29 ga Janairu

Malama,

Gaisuwa a gurguje, muna cikin aiki. Kowa lafiya.

Na gode. Ki yi wa Gwaggo godiya, na san ba za ta hana ni ba. Tsofaffi sun fi ku saurin fahimta, ku ne kuke tsaya wa abu a gaba. Na sa waƙar a babin ƙarshe, ta zauna daram. Mun ɗan datse ta don ta yi daidai da lokacin wasan. Kwalayen za su iso ku cikin Fabrairu.

Sauran maganganunki na biskit da sauro na karanta, na yi dariya, na wuce.

Michelo

*

Siamuluwa, 3 ga Maris

Michelo,

Ina gaishe ka don haka aka rene ni. Inna ba ta da lafiya, kuma za ka ji dalili. Tun takardata ta Janairu ban ji ɗuriyarka ba, na ɗauka ka ji kunya ne ka yi shiru. Ashe na yi maka kyakkyawan zato.

Kwalayenka sun iso ranar ashirin ga Fabrairu. Hedimasta ya sa kwat a wannan zafi don ya karɓe su. Na raba wa 'yan aji tara, su sittin da uku, wasu bibbiyu wasu ɗaiɗai. Ba zan yi maka ƙarya ba, babukan farko sun riƙe su. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a ajina ba ta tambaye ni me ya sa teku ta janye har mutane suka taka da ƙafa. Na ce a raina, to, ko kare ma yakan kama zomo wata rana.

Ranar Alhamis muka kai babin ƙarshe. Kai ka san abin da ke ciki, amma bari in gaya maka yadda yake in mutum yana tsaye a gaban aji. Bukka ta fito a allo, kewaye da tukunya, turmi, akuya, fartanya, tabarma, ganga, kaji. A sama an rubuta, "Mota na jira! Zaɓi kaya biyar cikin daƙiƙa talatin." Agogo ya fara gudu, gingimari na ta danna hon. Sai na ji muryar uwata. Ba daga wuri ɗaya ba. Daga alluna arba'in, wannan na gaban wancan, kamar an yayyanka ta an watsa cikin ɗakin.

Yara kuwa sai ihu. "Ɗauki akuya, sakarai, akuya ta fi maki!" "Bar turmin nan, nauyi gare shi!" "Malama, Malama, na ci tauraro uku!" Da agogo ya tsaya sai allo ya yi ƙyalƙyali, aka rubuta, "Madalla! Ka isa sabon gidanka lafiya."

Lafiya, Michelo. Haka ka rubuta.

Kakannin yaran nan duka a motocin nan aka kawo su. Na ce kowa ya kife allonsa. Na tattara, na zuba a kabad, na kulle, makullin yana ƙulle a gefen zanina yanzu haka. Hedimasta ya biyo ni yana cewa, "Malama, kayan gwamnati ne fa." Na ce, "Muryar kuma ta uwata ce, Ranka ya daɗe."

Amma ihu ne bayan hari. Waƙar ta riga ta shiga bakinsu. Ranar Asabar 'yan mata suka wuce ta bayan gidanmu za su famfo, suna rera ta da sauri kamar ta gaɗa, duk ƙarshen baiti su ce "pim-pim", wai hon ɗin mota, su fashe da dariya. Inna tana zaune a ƙofa. Ta juyo ta ce mini, "Wa ya ba yaran nan wannan?" Ta dafa bango ta shiga ɗaki. Yau kwana uku ba abin da ya shiga cikinta sai kunun chibwantu, shi ma kurɓi biyu.

An ce maka a'a, ka yi. Ka san me waƙar take, ka ɗora mata agogo da tauraro. Na daɗe da sanin kanka fanko ne, shi ya sa yake ƙara. Ban san zuciyar ma haka take ba.

Malilwe

*

Lusaka, 11 ga Maris

Malama Malilwe,

Na ji ciwon Gwaggo, Allah ya ba ta sauƙi. Na ba Siabbalo madarar gari da sukari ya kawo mata. Mu lafiya.

Yanzu ki saurara. Wa ya ce mini a'a? Takardarki tana gabana. Ke kika ce rubutu shi ake kama mutum da shi, to na kama ki: "Shi ma sai ya kwasa. Ka ji amsarka." Da hannunki. Na rubuto na yi godiya tun ashirin da tara ga Janairu, na gaya miki na sa waƙar. In ba ki yarda ba, me ya hana ki magana wata guda cur? Sai da kaya suka isa, aka buga, aka raba wa makarantu ɗari biyu da goma, sannan za ki tuna kina da makulli a zani.

Wasan da kike raina wa, an gwada shi a makarantu shida. Yaran da suka yi shi, bayan wata guda suna tuna shekarar da aka kwashe mutane da yawan waɗanda aka kwashe. 'Yan ajin alli kuwa ko sunan madatsar sai an tuna musu. Yaro yana koyo da hannunsa. In ya ji agogo na korarsa, ya ɗanɗani abin da aka ji a ranar. Wannan ba raini ba ne, koyarwa ce, amma ban sa ran kifin rijiya ya gane faɗin tafki ba.

Kuma waƙar tafiya ce, ta mutanen da ke kan hanya. Yara sun rera ta a hanyar famfo, sai me? Da ta mutu a bakin tsohuwa ɗaya fa?

Abin da ke damunku ke nan a kwarin nan. Komai a kabad. Fiye da shekara sittin kuna zaune kan labarin nan kamar kaza kan ƙwan da ya ruɓe, ba ku ƙyanƙyashe ba, ba ku tashi ba. Babana a motar nan ya zo, yana ɗan shekara bakwai. Har ya mutu bai taɓa gaya mini kalma ɗaya ba. In na tambaya sai ya ce in je in yi karatu. In na zo hutu ku kuma ku yi ta dariyar yadda nake yarenmu na Tonganci. Yau na ɗauko abin na kai shi gaban yara dubbai, ni ne mara zuciya.

Ranar ashirin da takwas ga wata za a yi bikin ƙaddamarwa, kuma makarantarku na zaɓa, saboda ke. Jami'in ilimi na gunduma zai zo da baƙi. Ki buɗe kabad ɗin nan. Na ji ana maganar ba ki kujerar hedimasta in na yanzu ya yi ritaya. Kada ki zubar da ita saboda taurin kai.

Michelo

*

Siamuluwa, 19 ga Maris

Michelo,

Madara ta iso, Inna ta ce a gode. Ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, amma ba ta zama a ƙofa kuma.

Takardunka biyu tare suka zo. Ta ashirin da tara ga Janairu a ƙarƙashin kujerar Siabbalo ta yi kwana hamsin, sai da zai wanke mota ya gan ta, ta sha man kifi har ana ganin rubutun ta baya. Na karanta ta sau uku. Wato da gaske ka ɗauka an ba ka izini. Tsohuwa ta haɗa ka da waɗanda suka rushe mata gida, kai kuma ka ce a yi mata godiya. Na yi ta neman mugunta a cikin lamarinka, ashe babu, jahilci ne zalla, mai digiri biyu.

Waƙar tafiya, in ji ka. Zauna in yi maka darasi da alli.

Ga abin da take cewa, tun da Tongancin kwari ya fi ƙarfinka:

Michelo, tashi, mota ta tsaya.
Michelo, ruwan nan ba namu ba ne, kada ka sha.
Michelo, wa zai nuna maka hanyar kogi?

Ba kai ba ne. Ba a taɓa yi maka waƙa ba, ɗan kawu, ka kwantar da hankalinka. Ƙanen Inna da Kawu ne, autan kakarmu, wanda aka ba ka sunansa. An gaya maka ya mutu yana ƙarami, ka ce to, ba ka sake tambaya ba. Shekararsa uku. Inna ce ta goyo shi a cikin motar, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, don kakarmu tana rungume da tukunyar iri. Aka sauke su nan, ƙasar da ba su san rijiyarta ba. Atuni ya shiga yara. A mako na bakwai ya mutu a bayanta, tana tsammanin barci yake, har sai da wata mata ta ce ta sauke shi. An binne shi gindin kukar da ke bayan cocinmu, wadda ka jingina motarka da ita ranar bikin Luyando.

Ruwan da ya sha kuwa Kawu ne ya ɗebo a ƙwarya. Yaro ɗan shekara bakwai, an aike shi, ya je ya ɗebo inda ya ga ruwa. Ba wanda ya taɓa ɗora masa laifi, shi ya ɗora wa kansa har kabari. Shi ya sa in ka tambaya yake cewa ka je ka yi karatu. Ka yi karatun kuwa.

Inna ba ta rera waƙar nan ba tun rasuwar Kawu. Ranar nan ta dube ka, ta ga fuskar ƙanenta ɗaya da sunan ɗayan a jikin mutum guda, abin ya taso mata. Kai kuma kana ta murmushi kana gyara wa waya zama.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya ce, a'a, da na rubuta ta da an huta. Na fi son in yi maka habaici in ji daɗi, na manta habaici sai mai kunne. Wannan ni zan ɗauka, kuma na gaya wa Inna haka.

An ba ni takardar tuhuma jiya, na amsa a layi biyu. Kabad yana kulle. Ku yi bikinku inda kuka ga dama. Kujerar hedimasta kuwa itace ce, ba a binne kowa a ƙarƙashinta ba.

Malilwe

*

Munyumbwe, 2 ga Mayu

Yaya Malilwe,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo. Yaya jikinta? Ni lafiya, sai bayana da babur ya kusa karyawa. Na san na yi mako shida shiru. Na fara takarda huɗu na yaga.

A ofis na karanta taki. Na fita na zauna a mota na kunna waƙar, wadda ba a datse ba. Na ji ta fiye da sau ɗari lokacin da muke haɗa wasan, ina ƙirga daƙiƙoƙinta. Ranar nan na fara jin inda muryarta ke karyewa.

Na je wajen shugabarmu na ce a cire babin. Ta ce masu ba da tallafi babin nan suka fi so, wasa yana nan. Muryar dai in ina so a cire, a sa kiɗan da muka saya. Makarantun da ke da sabis an gyara musu a yini ɗaya. Saura goma sha bakwai a nan kwari, inda sai an je da ƙafa an jona waya allo bayan allo. Ta ce, "Bar su, wa zai sani?" Na ce mutanen waƙar ai can suke. Ta ce in abin ya dame ni haka in ɗauki hutuna in je. Na ɗauka. Bikin an yi shi a wata makaranta ba ni, kuma darasi na gaba an ba wani ya jagoranta.

Na gama goma sha shida. Ba abin alfahari ba ne, ko'ina na je yara sun riga sun haddace. A wata makaranta bayan Chipepo, matar da ke dafa wa malamai abinci ta tsaya a kaina ina aiki, ta ce, "Kai ne mai cire waƙar? Wace ce ta rera?" Na ce gwaggona ce. Ta ce, "Ka gaya mata mu a gidanmu huɗu muka binne." Ta tambayi sunana. Na ce mata Siameja, sunan babana. Nawa ya ƙi fita.

Kada ki ɗauka na sallama miki komai. Har yanzu ina ganin yara arba'in da allo sun fi kabad a kulle. Kuma harshenki, Yaya, da ana cajin sola da shi da kwarin nan bai taɓa duhu ba.

Ta goma sha bakwai taku ce. Na yi kwana uku a nan ina cewa babur ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Ban san da wace fuska zan shigo gidan ba. Ki tambayar mini ita ko in zo, kuma wannan karon ki rubuta mini amsar yadda jaki ma zai gane.

Michelo

*

Siamuluwa, 9 ga Mayu

Michelo,

Mun gode da gaisuwa. Inna ta murmure, ta koma zaman ƙofa. An fara girbin gero. Ka shafa wa bayan naka man zafi, ba a mutuwa da babur.

In tafi kake jira don ka zagaya makarantu goma sha shida, ba za ka ji shi daga nan ba. Wanda ya zubar da miya a tsakar gida ba a yi masa guɗa don ya ɗauko tsintsiya. Wasan kuma yana nan a makarantu ɗari biyu, yara na ta cin tauraro da akuyar kakarmu, sai dai yanzu da kiɗan saye. Amma na gaya wa Inna saƙon matar Chipepo. Ta sa na maimaita mata sau biyu.

Kujerar hedimasta an ba malamin lissafi. Na taya shi murna, shi ma ya sayi kwat.

Kabad na buɗe, ba don kai ba. Yarinyar nan mai tambayar teku ce ta tare ni ta ce, "Malama, mutanen nan mun bar su a tsakiyar hanya." Babi biyar na farko muna yi da alluna. In an zo na shida kowa ya kife, mu fita gindin kuka, kowa ya faɗi abin da ya jiyo a gidansu. 'Yan matan famfo su suka fara kuka. Ba su ƙara cewa "pim-pim" ba.

Ranar Lahadi bayan coci Inna ta ce in kawo mata abin ta gani. Na so in hana, ta ce, "Muryata ce ko taki?" Na kawo, na ɗora mata a cinya, na kunna. Bukka ta fito, agogo ya fara gudu, mota na hon, ita kuma tana jin kanta. Ba ta taɓa komai ba. Hannunta na kan gwiwa har lokaci ya cika. Allo ya yi ja, rubutu ya fito.

Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce kin makara, ki sake gwadawa."

Sai ta yi dariya, ta farko tun Fabrairu, har da tari. Ta ce, "Ashe yanzu ana sakewa." Ta miƙo mini allon, ta ce, "Kuma ya yanke baiti na huɗu. Ko satar ma bai iya ba."

Ga amsarka, yadda ka roƙa. E. Ka zo. Ka zo ranar Juma'a, ka yi aikinka a makaranta, sannan ka shigo gida. Wayarka ka bar ta a ofishin hedimasta. Za ka kwana uku, za ka ci abin da muke ci, za ta kai ka gindin kuka da kanta ta nuna maka wurin.

Kada ka ɗauka yafiya ce, ba ta kai nan ba tukuna. Na tambaye ta me ya sa take son ganinka. Ta ce mutumin da ya haura arba'in bai san makoki ba in ya ji shi, dole a zaunar da shi a koya masa tun tana da numfashi, kada ranar nata ta zo ya tsaya a bakin kabari yana kaɗa kai wai waƙa ta yi daɗi.

'Yar gwaggonka,
Malilwe